BABI NA UKU: ZAƁEN HANYAR SARRAFA JERIN BAYANAI A ALLON KWAMFUTA CIKIN HARSHEN RPG

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin harsunan da ake rubuta manhajojin kasuwanci da su, aka kuma nuna matsayin harshen RPG a cikinsu. Wannan babi zai mayar da hankali ne a kan matsala guda wadda duk mai rubuta manhaja da wannan harshe yake cin karo da ita, wato yadda za a jera bayanai masu yawa a allon kwamfuta domin akawu ya duba, ya zaɓa ko ya gyara, ba tare da an ɓata masa lokaci ko an wahalar da na'ura ba. Aikin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne loda jerin, na biyu kuma shi ne karanto abin da akawun ya taɓa a cikinsa. A kowane ɓangare akwai hanyoyi fiye da ɗaya. Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ma'aunin da ya kamata a auna kowace hanya da shi shi ne yawan bayanan da na'ura ta sha wahalar ɗaukowa, idan aka kwatanta da yawan waɗanda akawu zai kalla ko ya taɓa a haƙiƙa.

3.1 Asalin Ƙaramin Fayil

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka ne ya fito da harshen RPG a shekarar 1959, domin buga rahotanni daga katunan da aka huda. A wancan lokaci ba a san zancen allo ba, ana zuba katuna ne a jira takarda ta fito. Da aka zo shekarar 1977 sai kamfanin ya fito da na'urorin allo samfurin 5250, sannan a 1978 ya sanar da kwamfutar System/38, wadda aka ƙera a masana'antarsa ta garin Rocesta a jihar Minesota. Tare da wannan kwamfuta aka sami abin da masana fannin suke kira sabfayil, wanda a wannan kundi za a riƙa kiransa ƙaramin fayil. Kwamfutar AS/400 ta shekarar 1988 ta gaji wannan tsari, haka ma RPG IV na shekarar 1994. An canza wa na'urar suna sau da dama, har a 2008 tsarin aikinta ya koma IBM i, amma ƙa'idojin ƙaramin fayil suna nan yadda suke.

Ƙaramin fayil tarin layuka ne masu siga iri ɗaya, waɗanda manhaja take rubutawa ɗaya bayan ɗaya, sannan tsarin na'ura ya nuna su a allo shafi-shafi. Misali, jerin kayan da ke cikin sito, inda kowane layi yake ɗauke da lambar kaya da sunansa da adadin da ya rage, tare da gurbin da akawu zai buga zaɓinsa. Kowane layi yana da lambar jeri, daga 1 zuwa sama, kuma iyakar layukan da ƙaramin fayil guda zai iya ɗauka ita ce 9,999.

Ana fasalta shi ne a fayil ɗin allo ta hanyar wasu kalmomin umarni. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙin wannan babi: SFLPAG, wadda take faɗin yawan layukan da za su bayyana a shafi guda, da SFLSIZ, wadda take faɗin girman ƙaramin fayil ɗin a farkon buɗe shi. Dangantakar waɗannan lambobi biyu ita ce take raba aiki tsakanin manhaja da tsarin na'ura. Idan SFLSIZ ta fi SFLPAG, tsarin na'ura ne zai ɗauki nauyin juya shafuka a cikin abin da aka loda, kuma zai faɗaɗa ƙaramin fayil ɗin da kansa idan an ƙara layuka. Idan kuwa lambobin biyu daidai suke, to duk juya shafi ya koma wuyan manhaja.

3.2 Inda Lokaci Yake Tafiya

Kafin a kwatanta hanyoyin, ya kamata a fahimci yadda allon 5250 yake aiki. Allon yana da layuka 24, kowane layi yana da gurbin harafi 80, wato gurabe 1,920 ke nan, ko da yake akwai mai layuka 27 da gurabe 132. Ba ya aika kowane harafi ga uwar na'ura a lokacin da aka buga shi. Akawu yakan cika gurabensa, sai ya danna maɓallin shigarwa ko na juya shafi, a lokacin ne ake aika abin da ya canza a dunƙule. Kowane gurbi yana da wata alama ta ɓoye wadda take kunnuwa da zarar an buga wani abu a cikinsa. Za a ga muhimmancin wannan alama a sashe na 3.4.

Abu na biyu shi ne, ƙaramin fayil yana zaune ne a uwar na'ura, cikin ƙwaƙwalwar da aka ware wa aikin akawun. Shafi guda kawai ake aikawa ga allo a lokaci guda. Saboda haka ko an loda layuka 20 ko 9,000, abin da zai bi waya zuwa allo bai canza ba. A zamanin da ake haɗa rassa da layin waya mai gudun bit 9,600 a daƙiƙa, cikakken allo yakan ci kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, kuma wannan jinkiri ɗaya yake ga dukkan hanyoyin. Ke nan bambancin hanyoyin yana fitowa ne daga wurare uku:

(i) yawan rikod ɗin da aka karanto daga rumbun bayanai;
(ii) yawan layukan da aka rubuta a ƙaramin fayil da ƙwaƙwalwar da suka cinye;
(iii) yawan layukan da aka sake karantowa bayan akawu ya danna maɓalli.

Har wa yau, wannan nauyi ba a kan akawu guda yake tsayawa ba. A bisa tsarin asali na na'urar, ayyukan allo suna da fifiko na 20, ayyukan da ake turawa layin jira kuma suna da fifiko na 50, kuma ƙaramar lamba ita ce a gaba. Don haka manhajar allo da take karanta dubban rikod ba bisa buƙata ba tana yin hakan ne da fifiko mai girma, tana rage wa sauran ma'aikata da ayyukan jira rabonsu.

3.3 Hanyoyin Loda Jeri

3.3.1 Loda Duka a Tashi Ɗaya

A wannan hanya manhaja takan share ƙaramin fayil, ta karanta duk rikod ɗin da suka dace daga farko zuwa ƙarshe, ta rubuta kowanne a matsayin layi, sannan ta nuna allo. Daga nan tsarin na'ura ne yake juya shafi gaba da baya, manhaja ba ta sake motsi sai akawu ya danna maɓallin shigarwa ko wani maɓallin umarni.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Ita ce mafi sauƙin rubutawa da gyarawa, juya shafi yana da sauri, kuma duk zaɓin da akawu ya buga a shafi na ɗaya yana nan ko ya tafi shafi na goma. Haka kuma tun da an karanta komai, ana iya nuna jimilla a ƙasan allo. Illarta kuwa ita ce, duk wahalar tana zuwa ne kafin akawu ya ga layi ko ɗaya. Bugu da ƙari, idan bayanan suka haura 9,999 manhaja za ta tsaya da kuskure, sai fa idan an sa mata shinge. Wannan matsala ba ta cika bayyana a ranar da aka ƙaddamar da manhaja ba, domin a lokacin fayil ɗin bai tara komai ba. Takan ɓullo ne bayan shekaru, lokacin da ciniki ya bunƙasa, wanda ya rubuta manhajar kuma wataƙila ya daɗe da barin aiki. Illa ta uku ita ce tsufan bayani: abin da ke allo hoto ne na lokacin da aka loda, ba ya sauyawa idan wani ya sayar da kayan daga baya.

Wannan hanya ta fi dacewa da jerin da yanayinsa ya taƙaita shi, kamar layukan takardar oda guda, ko jerin rassan kamfani, ko watannin shekara.

3.3.2 Loda Shafi-Shafi Ana Tarawa

A nan ma SFLSIZ ta fi SFLPAG, yawanci da ɗaya kacal. Manhaja takan loda shafi na farko kawai ta nuna. Idan akawu ya nemi shafi na gaba alhali babu sauran layi, kalmar umarni ta PAGEDOWN, wadda tsofaffin manhajoji suke rubutawa ROLLUP, takan mayar da iko ga manhaja. Sai ta karanto wani shafin, ta ɗora a kan na baya, ta sa lambar layin farko na sabon shafin a gurbin da ke ɗauke da SFLRCDNBR domin allo ya buɗe a daidai wurin. Komawa baya kuwa aikin tsarin na'ura ne, tun da layukan suna nan.

Wannan hanya tsaka-tsaki ce. Shafin farko yana fitowa nan take, ba a karanta abin da akawu bai nema ba, kuma zaɓinsa ba ya ɓacewa. Sai dai tana da wurare uku da ake yawan yin tuntuɓe. Na farko, gurbin da manhaja take riƙe lambar jeri a cikinsa yakan canza a duk lokacin da aka karanta wani layi na ƙaramin fayil. Idan ba a adana lambar layin ƙarshe a wani gurbi dabam ba, sabon lodi zai yi yunƙurin rubutu a kan layin da ke akwai, manhaja ta faɗi. Na biyu, idan allon bayani dalla-dalla yana amfani da fayil ɗin da ake lodi daga gare shi, to matsayin karatu a fayil ɗin zai gushe. Maganin wannan shi ne a adana mabuɗin rikod na ƙarshe, a koma bayansa da umarnin SETGT kafin a ci gaba. Na uku, idan akawu ya buƙaci jerin ya fara daga wani harafi, misali M, dole a share a fara daga can, kuma ba zai iya juyawa baya ya ga L ba. Iyakar 9,999 tana nan, amma da wuya a sami mai haƙurin juya shafuka sama da 600 kafin ya kai gare ta.

3.3.3 Shafi Guda Kawai

A hanya ta uku SFLSIZ da SFLPAG daidai suke, don haka ƙaramin fayil ba ya ɗauke da komai sai abin da ido yake gani. Duk lokacin da aka juya shafi, manhaja takan share ta sake lodi. Domin ta san inda take, tana adana mabuɗin layin farko da na ƙarshe. Idan za a yi gaba, sai ta tsaya bayan mabuɗin ƙarshe ta karanta adadin shafi. Idan za a yi baya, sai ta tsaya a kan mabuɗin farko da SETLL, ta yi karatun baya-baya da READP har adadin shafi, sannan ta loda su a bisa tsarinsu na gaba. Yana da kyau kuma ta leƙa rikod guda fiye da shafi, domin ta san ko za a nuna alamar akwai saura ko ta ƙarshen jeri ta hanyar SFLEND.

Da wannan hanya girman fayil ba ya da tasiri a kan saurin allo, muddin akwai mabuɗin da ya dace. Ko rikod miliyan ne, aikin kowane shafi ɗaya ne. Ana iya tsalle zuwa kowane wuri a juya gaba ko baya, kuma bayanin da ke allo sabo ne a kowane juyi. Abin da ake biya a madadin haka shi ne wahalar rubutu. Dole manhaja ta kula da farkon fayil da ƙarshensa, da shafin da bai cika ba, da kuma fayil ɗin da babu komai a cikinsa, domin nuna ƙaramin fayil maras layi kuskure ne da yake tsayar da manhaja. Dole ne kuma mabuɗin ya kasance wanda ba ya maimaituwa. A ɗauka an jera abokan ciniki bisa suna kawai, kuma akwai mutum 20 masu suna ɗaya, shafi kuma yana ɗaukar 15. Da an yi gaba daga mabuɗin ƙarshe, mutum biyar za su ɓace daga jerin ba tare da kowa ya lura ba. Shi ya sa ake ƙara lambar abokin ciniki a bayan suna a cikin mabuɗin. Daɗin daɗawa, zaɓin da akawu ya buga a shafi zai shafe idan ya juya, sai an karanto shi an adana a wani jeri na cikin manhaja kafin sharewa, a kuma mayar da shi idan ya dawo shafin.

3.3.4 Kwatanci da Lissafi

Domin a ga bambancin a fili, a ɗauka akwai fayil mai rikod 9,000, shafi yana ɗaukar layuka 15, akawu kuma yakan sami abin da yake nema a shafi na uku. Hanya ta farko za ta karanta 9,000 ta rubuta 9,000. Ta biyu za ta karanta 45 ta rubuta 45. Ta uku ma 45 za ta karanta, sai dai idan akawu ya koma baya za ta sake karatu, alhali ta biyu ba za ta sake ba. Wato hanya ta farko ta yi ninki 200 na aikin da ake buƙata. Idan akawu 50 ne suke buɗe wannan allo sau 40 a yini, hanya ta farko za ta karanta rikod miliyan 18 a yini, sauran biyun kuma 90,000. To amma idan jerin gaba ɗaya bai wuce layuka 40 ba, bambancin ya gushe, kuma zaɓen hanya ta uku ya zama ɗora wa kai wahalar da ba ta da riba.

3.4 Hanyoyin Karanto Abin da Akawu Ya Taɓa

3.4.1 Umarnin READC

Bayan akawu ya danna maɓallin shigarwa, manhaja tana buƙatar sanin layukan da ya yi aiki a kansu. Umarnin READC yakan kawo layi na gaba da aka canza, ya tsallake duk wanda ba a taɓa ba. Manhaja takan maimaita shi har ya ba da alamar ƙarewa. Idan jeri yana da layuka 5,000 akawu ya zaɓi uku, karatu huɗu ne kacal, uku na layukan da ɗaya na gane cewa babu saura.

Sai dai akwai halaye biyu na READC da ya wajaba a sani. Na farko, abin da yake dubawa shi ne alamar nan da aka ambata a sashe na 3.2, wato an buga wani abu a gurbin. Ba ya kwatanta tsohon bayani da sabo. Akawun da ya buga 2 sannan ya goge, ko ya sake buga adadin da ke wurin tun farko, layinsa zai zo a matsayin wanda aka canza. Saboda haka dole manhaja ta tanadi abin da za ta yi da zaɓin da babu komai a cikinsa. Na biyu, da zarar READC ya kawo layi, alamarsa ta goge. A ɗauka akawu ya buga adadin da bai halatta ba a layi na bakwai, manhaja ta gano, ta nuna masa saƙon kuskure. Idan ya sake danna maɓalli ba tare da ya gyara ba, READC ba zai kawo layin ba, manhaja za ta ɗauka komai lafiya, kuskuren ya wuce. Maganin wannan shi ne kalmar umarni ta SFLNXTCHG. Idan aka kunna ta a lokacin da ake sabunta layin mai kuskure, tsarin na'ura zai sake yi masa alama, ya dawo a zagaye na gaba ko akawu bai taɓa shi ba. Akan haɗa wannan da juya launin gurbin da kai manunin rubutu kansa, domin idon akawu ya faɗa wurin.

3.4.2 Zagaye da Umarnin CHAIN

Hanya ta biyu ita ce a bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga lamba 1 zuwa ta ƙarshe, ana ɗauko kowanne da CHAIN bisa lambar jerinsa. A misalin da ya gabata wannan karatu 5,000 ne a maimakon huɗu. Duk da haka akwai lokacin da babu makawa sai ita, wato lokacin da hukuncin ya shafi jerin baki ɗaya. Misali, a allon shigar da lissafin kuɗi, dole jimillar ɓangaren shiga ta yi daidai da ta ɓangaren fita kafin a karɓa, kuma ba za a san haka daga layukan da aka canza kawai ba. Haka nan idan ana son tabbatar da cewa ba a maimaita lambar kaya sau biyu a oda guda ba, ko akawu ya danna maɓallin da yake nufin a zaɓi duka.

Wasu masu rubuta manhaja sukan fi son CHAIN a ko'ina domin gudun rikicin SFLNXTCHG. A jeri na shafi guda wannan ba laifi ba ne, tun da karatu 15 ba wani nauyi ba ne. A jerin da aka loda duka kuwa, hakan yana nufin maimaita dubban karatu a duk danna maɓalli. Akwai kuma hanyar haɗa biyun: a yi amfani da READC wajen tace layukan da aka taɓa, a riƙe jimilla a gefe ana cire tsohon adadi ana ƙara sabo, sannan a yi zagayen CHAIN sau ɗaya tak a lokacin da akawu ya tabbatar da ajiyewa. Wannan yana buƙatar a ɓoye tsohon adadin a cikin layin, a gurbin da ba ya bayyana a allo.

3.5 Wasu Abubuwan da Suke Shafar Inganci

Zaɓen hanya mai kyau ba ya wadatarwa idan karatun rumbun bayanai kansa bai tsaru ba. Abu na farko shi ne tacewa. Idan manhaja tana karanta kowane rikod tana watsar da wanda bai cika sharaɗi ba, to ko a hanya ta uku tana iya karanta dubbai kafin ta cika layuka 15. Misali, neman takardun bashin da ba a biya ba a cikin fayil ɗin da galibinsa an biya. A nan ya kamata a bar wa rumbun bayanai aikin tacewa, ta hanyar fayil na ma'ana mai sharaɗin zaɓe, ko umarnin OPNQRYF, ko harshen SQL tare da fihirisar da ta dace.

Abu na biyu shi ne neman ƙarin bayani ga kowane layi. Idan kowane layin oda yana buƙatar a nemo sunan abokin ciniki daga wani fayil, karatu ya ninka. Idan jerin yana bisa tsarin abokin ciniki, ana iya riƙe sunan da aka nemo na ƙarshe, kada a sake nema sai lambar ta canza.

Abu na uku shi ne kulle rikod. Fayil ɗin da aka buɗe domin sabuntawa yakan kulle rikod ɗin da aka karanta har sai an sabunta shi, ko an sake shi, ko an karanta wani. Idan aka yi lodi da irin wannan karatu, rikod na ƙarshe zai kasance a kulle duk tsawon lokacin da allo yake jiran akawu, ko da ya tashi cin abinci. Duk wanda ya nemi rikod ɗin zai jira, a bisa ƙa'idar asali daƙiƙa 60, sannan ya sami kuskure. Don haka ana yin lodi ne da karatu maras kulli. A lokacin ajiyewa sai a sake karanto rikod ɗin da kulli, a kwatanta shi da hoton da aka ɓoye a layi. Idan wani ya riga ya canza shi, a sanar da akawu a maimakon a rubuta a kan aikin wancan. Wannan mataki ya fi zama wajibi a hanya ta farko da ta biyu, inda bayani yake daɗewa a allo.

Shigowar SQL cikin manhajojin RPG ta sauƙaƙa wasu daga cikin waɗannan ayyuka. Ana iya ɗauko shafi guda da umarnin FETCH ɗaya, ana iya sauya tsarin jeri ba tare da ƙirƙirar sabon fayil na ma'ana ba. Amma ma'aunin bai canza ba, domin tambayar da ba ta da fihirisa takan sa na'ura ta jera dukkan sakamakon kafin ta ba da layi na farko, wanda daidai yake da loda duka a ɓoye. Haka nan a inda aka maye gurbin na'urorin 5250 da manhajar kwaikwayo a kan ƙananan kwamfutoci, ko aka mayar da allon shafin intanet, lodin yana gudana ne a uwar na'ura kamar da.

3.6 Ma'aunin Zaɓe

Ta la'akari da abin da ya gabata, wannan bincike yana ganin mai rubuta manhaja ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya zaɓi hanya:

(i) Mene ne iyakar da jerin zai iya kaiwa nan da shekaru, ba adadinsa na yau ba? Idan yanayin aikin ya taƙaita shi ga 'yan ɗaruruwa, a loda duka.
(ii) Nawa akawu yake kallo daga ciki? Idan yakan tsaya a shafukan farko, kuma yana zaɓe a shafuka dabam-dabam, a loda ana tarawa.
(iii) Shin yana buƙatar tsalle da komawa baya a babban fayil, ko bayanin yana saurin canzawa? Idan haka ne, a yi shafi guda.
(iv) Hukuncin da za a yanke na layi-layi ne ko na jerin baki ɗaya? Na layi-layi aikin READC ne tare da SFLNXTCHG, na baki ɗaya kuma aikin CHAIN ne.

Ga wanda ya gaji tsohuwar manhaja mai nawa, ba lallai ne ya rushe ta ba. Sau da yawa mayar da hanya ta farko zuwa ta biyu ya isa, domin gyaran bai wuce ƙara PAGEDOWN da SFLRCDNBR da taƙaita zagayen lodi ba, sauran manhajar kuma tana nan yadda take. Mayar da ita hanya ta uku kuwa kusan sake rubutu ne, don haka sai idan buƙata ta tilasta.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar ƙaramin fayil da asalinsa, an kawo hanyoyi uku na loda shi da hanyoyi biyu na karanto shi, tare da amfani da illar kowace. An ga cewa kowace hanya tana da muhallinta, kuma asarar da ake yi tana zuwa ne daga ɗauko bayanin da akawu ba zai kalla ba, ko sake karanta layin da bai taɓa ba. An kuma nuna cewa sauri ba shi da amfani idan ya jawo ɓacewar rikod daga jeri, ko wucewar kuskure, ko rubutu a kan aikin wani. A babi na huɗu za a ɗora wannan ma'auni a kan allon shigar da oda da allon binciken kaya, domin a ga hanyar da ta dace da kowannensu.